IDAN UBA KO UWA SUN KOMA AJI, WA KE BIYA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Kimanin mako uku da suka wuce, bayan mun idar da sallar Asuba, wani bawan Allah ya ƙi tashi har masallaci ya watse. Na daɗe da saninsa, ɗan sahun farko ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Malamin firamare ne, ya fi shekara 20 yana riƙe da alli. Da ya ga saura ni da ladan sai ya matso, ya rage murya, ya ce: "Allah gafarta Malam, tambaya ce da ni, amma don Allah kada ka yi mini dariya."

Takardar NCE ce a hannunsa tun yana saurayi. Cikin yaran da ya koya wa baƙi da wasali akwai waɗanda suka je suka yi digiri suka dawo, yau ɗaya daga cikinsu ne ake turowa ya duba yadda yake koyarwa. Bana Allah Ya yi, ya sami gurbin yin digiri na ƙarshen mako. Shekara biyu yana zubin adashi saboda wannan rana. Ana cikin haka sai ga sunan babbar 'yarsa ya fito a makarantar koyon aikin jinya. Kuɗin da ke ƙasa kuwa na mutum ɗaya ne. Ya ce: "Malam, ku ne kuke faɗa mana a kan mumbari cewa neman ilimi wajibi ne. To ni fa? Ko wajibin yana sauka ne idan mutum ya haihu?"

Da shekara biyar baya aka yi mini wannan tambaya, da tun bai rufe baki ba na jero masa ayoyi da hadisai kan falalar ilimi, na ce ya je ya biya kuɗinsa, Allah zai buɗa wa yarinya wata ƙofar. Wannan karon sai na ce ya ba ni kwana biyu. Dalilin jinkirin zai zo a gaba, kuma ba abin alfahari ba ne a gare ni.

Mu fara da ɓangaren da ba shi da wahala. Shekaru ba sa hana karatu, kuma Bahaushe ya riga mu faɗa: gemu ba ya hana ilimi. A Kitabul Ilmi na Sahihul Bukhari an kawo nasihar Sayyidina Umar (R.A) cewa mutane su yi karatu tun shugabanci bai hau kansu ba. Sai Imamul Bukhari ya ji tsoron kada a fahimci cewa wanda girma ya riga ya kama shi ke nan an rufe masa ƙofa, ya ƙara da cewa har bayan shugabancin ma a nema, ya kafa hujja da cewa Sahabbai da girmansu suka yi karatu. Haka ne kuwa. Abubakar (R.A) ya kusa shekara 40 lokacin da aka fara saukar da wahayi, yana da mata da 'ya'ya da kasuwanci. Cikin manyan malaman Shafi'iyya akwai Abubakar Al-Ƙaffal na garin Marwa, wanda ya rasu a shekara ta 417 bayan Hijira. Maƙerin kwado da makulli ne, sana'ar ce ma ta zama laƙabinsa. Sai da ya kai shekara 30 ya fuskanci fiƙihu, ya zama shugaban malaman mazhabarsa a Khurasan. Annabi Musa (A.S), yana Manzo mai littafi, ya yi doguwar tafiya har ya gaji ya nemi abinci, don kawai ya zama ɗalibin wani bawan Allah, ya kuma karɓi sharaɗin yin shiru daga malamin nasa.

A nan gida ma ba baƙon abu ba ne. Kakanninmu sun shiga ajin Yaƙi da Jahilci da furfurarsu. Gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Kano a 1980. Cibiyar NTI ta Kaduna tun 1976 take ba malaman makaranta damar ƙaro karatu ba tare da sun ajiye aiki ba. Buɗaɗɗiyar jami'ar NOUN kuwa, tsohon shugaban ƙasa Obasanjo da kansa ya yi karatu a cikinta bayan ya sauka daga mulki, ya kai har digiri na uku yana wajen shekara 80. Don haka mai yi wa dattijo dariya don ya rataya jaka ya tafi lakca, shi ne abin dariyar. Magabata sun ce mutum biyu ba sa samun ilimi, mai kunya da mai girman kai. Wanda ya yarda ya zauna benci ɗaya da sa'ar 'yarsa, yaron da ya haifa a haife ya ce masa "fita, ka makara" ya fita, wallahi ya karya wani abu a zuciyarsa da yawancinmu masu rawani ba mu karya ba.

To amma tambayar malamin nan ba a nan take ba. Ya haɗa abu biyu ne da mu masu wa'azi muka saba haɗawa don magana ta yi daɗi: ilimin da yake wajibi, da takardar digiri. Ilimin da malamai suka ce farilla ne a kan kowane mutum shi ne wanda ibadarsa da mu'amalarsa ba sa inganta sai da shi: tauhidinsa, tsarkinsa, sallarsa, hukuncin cinikin da yake yi, haƙƙin matar da ya ajiye. Sauran fannoni, likitanci ne, injiniyanci ne, har da zurfafa a ilimin addini kansa, farilla ce ta al'umma, idan wasu sun ɗauka ta sauka daga kan saura. Digiri hanya ce, tana ɗaukar hukuncin inda za ta kai ka. Ciyar da iyali kuwa, da tufatar da su, da ba su wurin kwana, wannan farilla ce a kan wuyan mai gida shi kaɗai, babu mazhabar da ta yi saɓani. Hadisi ya zo a Sunan Abi Dawud da ma'anar cewa tozarta waɗanda kake ciyarwa kaɗai ya ishe ka zunubi.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Neman takarda don a ƙara maka matsayi a wurin aiki ba mummunar niyya ba ce. A tsarin aikin gwamnati mai NCE yana farawa ne daga mataki na 7, mai digiri daga na 8, kuma tazarar tana bin mutum har ritaya, har fansho. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da albashi ya koma. Magidancin da ya koma makaranta don tukunyar gidansa ta riƙa ɗoruwa sau uku, neman halal yake, kuma yana da lada. Abin da nake ƙi shi ne mu sa wa wannan niyya rigar da ba tata ba, mu kira ta farilla, sannan mu yi amfani da sunan farillar mu danne haƙƙin da yake farilla na gaskiya.

Saurayi idan ya tafi makaranta, kansa ya ɗauka ya tafi. Mai iyali kuwa duk sa'ar da ya zauna a aji, daga wurin wani ya ɗebo ta. Duk nairar da ya biya ta rajista, da akwai inda za ta je. Kuɗin makaranta da ake rubutawa a rasit shi ne ƙaramin abin da ake biya. Babban kuɗin ana biyansa ne a cikin gida, kuma sau da yawa wanda ke biya ba a taɓa tambayarsa ko ya yarda ba.

Na fara ganin wannan a Alƙahira lokacin muna karatu a Azhar, amma ban gane shi ba sai daga baya. Akwai 'yan uwa daga ƙasashenmu da suka zo da aurensu a gida. Wani ya bar mata da 'ya'ya uku a ɗakin mahaifiyarsa, wani ya mayar da ita gidansu "kafin ya dawo". Kuɗin jirgi ba wasa ba, sai mutum ya yi shekara biyu, uku bai leƙa gida ba. Mu samari muna kallonsu da girmamawa, muna cewa kun ga masu sadaukarwa saboda ilimi. Sun sadaukar, ban musa ba, na ga wanda ya yi wata guda a kan burodi da wake. Amma ban taɓa jin ɗayanmu ya ambaci sadaukarwar yarinyar da aka bari tana wanke-wanken gidan surukai, tana renon yaro mai zazzaɓi ita kaɗai, ba ita ba zawara ba ita ba mai miji. Ranar da ya dawo shi aka tara wa jama'a, shi aka yanka wa rago. Ita tana bayan gida tana tuƙa tuwon baƙi.

Alhali ga abin da muke karantawa a littattafan da suka kai mu can. Malik ɗan Huwairis (R.A) ya zo Madina shi da wasu samari tsararsa, suka zauna wajen Manzon Allah (S.A.W) kwana 20 suna koyo. Wace jami'a ce ta kai wannan? Amma da Annabi (S.A.W) ya lura sun yi kewar gida, sai ya tambaye su wa suka baro, ya ce su koma cikin iyalansu su zauna, su koyar da su. Salmanul Farisi (R.A) ya ziyarci Abud Darda'i (R.A) ya tarar da matarsa a yamutse, ta ce ai ɗan'uwanka ba ruwansa da duniya. Salmanu ya hana shi azumin nafila ranar, ya hana shi tsayuwar farkon dare, ya tuna masa cewa iyalinsa ma suna da haƙƙi, kuma Annabi (S.A.W) ya gaskata Salmanu. Idan azumi da ƙiyamul laili ba su zama uzurin barin mace a yamutse ba, ina ga semista? An kuma ruwaito cewa Umar (R.A) ya sa wa mayaƙa iyakar watannin da za su yi ba su dawo ga matansu ba, su da suke fagen jihadi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na nemi kwana biyu.

Lokacin da na je neman aure, bayan na dawo daga Masar, yarinyar ta gama sakandare da sakamako mai kyau. Mahaifinta bai tsawwala mini a komai ba. Abu ɗaya ya roƙa a gaban waliyyaina: a bar ta ta ci gaba da karatu. Na ce in sha Allah, ai ni ɗan makaranta ne, wa zai fi ni son haka. Shekara ta farko muka ce bari a zauna tukuna. Ta biyu ga ciki. Ta uku ga goyo. Kafin a yaye sai ni na sami gurbin digiri na biyu a wata jami'a a nan gida, na ce bari in yi sauri in gama sai ke ki shiga. Karatun shekara biyu ya koma huɗu, ga yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas. Duk tsawon lokacin nan ita ke kwashe yara ta kai su tsakar gida ta rufe mini ƙofa don in yi rubutu. Ita ta daina tambayar ɗinkin Sallah a shekarar da na biya kuɗin buga kundina. Da na gama na rubuta godiya shafi biyu, malamaina, abokaina, har mai buga mini takardu. Ita layi ɗaya ta samu a ƙarshe.

Ranar Sallah muka je gaida surukina. Mutum ne mai kawaici, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni sosai ba. Bayan gaisuwa, yana kallon tabarma, ya ce: "Malam, mun ji an kammala, Allah Ya sa albarka." Na ce amin. Ya yi shiru kaɗan, ya ce: "Saura alƙawari." Bai ƙara ko kalma ba, ya shiga zancen damina.

Kun san abin da na fara yi da na koma gida? Ban je wajenta ba. Ɗakin littattafai na shiga neman mafita. Kuma na samu. A mazhabarmu ta Malikiyya, irin sharaɗin da ba ya cikin abin da ɗaurin aure ke wajabtawa kuma ba ya warware shi, an so a cika shi amma alƙali ba zai tilasta ba, sai idan an ɗaure shi da rantsuwa ko saki. Hanabila ne suka tsaya a kan cewa dole ne, har mace tana da damar neman a raba idan aka saɓa. Na ce alhamdu lillah, ni Bamalike ne. Sai dai hadisin da ake tattaunawa a kansa yana nan a shafin yana kallona, yana cikin Bukhari da Muslim, ma'anarsa kuwa ita ce babu sharaɗin da ya fi cancantar a cika kamar wanda aka halatta aure da shi. Na gane cewa abin da littafin ya ba ni shi ne yadda zan tsira a gaban alƙali. Ni kuma ba alƙali ne ya ce mini saura alƙawari ba. Shekara tara ina hawa mumbari ina zagin masu hana mata ilimi, ashe laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu. Ban taɓa cewa "na hana" ba. Kullum "bari tukuna" nake cewa, kuma sakamakon ɗaya ne.

Wannan ya kawo ni kan ma'auni biyu da muke aunawa da su. Uba ya koma makaranta, yara ba sa ganinsa daga Juma'a zuwa Lahadi, sai mu ce namijin duniya, yana nema musu makoma. Uwa ta koma, sai tambaya ta tashi: wa zai kula da tarbiyya? Tambayar gaskiya ce, ba na raina ta. Na san gidajen da uwa ke fita bakwai na safe ta dawo Magariba a gajiye, yara suna hannun 'yar aiki 'yar shekara 12 da wayar hannu. Wannan ɓarna ce, kuma digiri ba ya gyara yaron da ya lalace. Amma me ya sa tambayar ba ta tashi sai a kan uwa? Hadisin kiwo da kowa ya haddace ya ambaci mace a gidan mijinta, ya kuma ambaci namiji a cikin iyalinsa, kowanne za a tambaye shi. Mai gidan da ke cewa karatun matarsa zai kashe tarbiyya, a duba inda yake tsakanin Isha'i da sha ɗayan dare. Idan yana majalisa ko teburin mai shayi ana musun siyasa da ƙwallo, to lokacin da ake nema don yaran nan yana aljihunsa.

Akwai masu cewa matsalarsu cakuɗa ce da abin da ke faruwa a manyan makarantu. Su ma ba ƙarya suka yi ba, akwai malaman da ba sa tsoron Allah, akwai ƙawayen banza. Sai dai wanda damuwarsa ke nan da gaske, za ka gan shi yana neman hanya: karatu daga gida, ajin ƙarshen mako, makarantar da ta fi kusa, ya kai ta ya ɗauko ta. Wanda kuwa ya ambaci cakuɗa ya naɗe hannu, kuma matar tasa tana zuwa kasuwa da biki da asibiti, wani abu ne daban ke damunsa, galibi tsoron kada ta fi shi. Ba na musun cewa akwai matan da takarda ke sa su raina miji, na sasanta irin wannan rigima ba sau ɗaya ba. Amma na ga maza da yawa da takarda ta sa suka raina matar da ta yi wahalarsu, suka ce ba ta waye ba, suka auro 'yar ajinsu. Ban ji an ce a hana maza karatu saboda haka ba.

Matan Sahabbai da kansu suka je suka ce wa Annabi (S.A.W) maza sun rinjaye su a wajensa, ya ware musu rana. Bai ce su koma su yi reno ba, ya ware musu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke tara ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Da na sake karanta wurin bayan maganar surukina sai na ji kamar sunana ne kawai bai rubuta ba. 'Yarsa Nana Asma'u, matar Waziri Gidado, uwa ce mai 'ya'ya, kuma dubi dabarar da ta yi: ta san matar aure mai goyo a ƙauye ba za ta iya tahowa ba, sai ta naɗa jajis, dattawan mata, su zo da 'yan mata su ɗauki karatu su koma su kai wa na cikin gida. 'Yan Taru ke nan. Ta gyara tsarin karatun ne ya dace da rayuwar uwa, tun a ƙarni na 19.

Wani abu kuma da limanci ya nuna mini wanda littafi bai nuna mini ba. Duk wanda ke raba zakka ko abincin azumi a unguwa ya san su waye a jerin. Mata ne da miji ya rasu ya bar musu yara biyar, shida. An gama takaba, 'yan uwan miji sun raba abin da za a raba sun watse. Cikinsu wadda ke da takardar koyarwa ko ta aikin asibiti, da wuya ka ga sunanta a jerin nan shekara biyu a jere. Wadda aka ce wa "bari tukuna" har mai cewar ya koma ga Allah, ita ce ke aiko yaro da kwano. Duk mai gidan da ke ganin karatun matarsa asara ne, ya zauna ya yi lissafin gidansa ba tare da shi a ciki ba.

Mafitar da na samu, a wajen Umar (R.A) na same ta, kuma Bukhari ya yi mata babi sukutum a kan karɓa-karɓa wajen neman ilimi. Umar yana zaune a Awali, gefen Madina, yana da maƙwabci Ba'ansare. Kowannensu yana da harkar da zai kula da ita, ba zai yiwu su tare a masallaci kullum ba. Sai suka raba: yau wannan ya sauka wajen Annabi (S.A.W), gobe wancan, wanda ya je ya kawo wa ɗan'uwansa abin da ya sauka. Idan maƙwabta biyu sun iya wannan, miji da mata fa?

Na ajiye maganar digiri na uku da na riga na fara nema. Ita ta shiga, yanzu tana shekara ta biyu. Asabar tawa ce da yara. Ba zan yi muku ƙarya in ce abin yana tafiya sumul ba. Na ƙona shinkafa har maƙwabta sun leƙo. An gan ni da yarinya a kafaɗa ina sayen kayan miya, wani ya ce "Liman, yau kai ne a bakin aiki?" Na ce eh, ni ne. Akwai ranar da na karɓi gayyatar wa'azin walima ban duba ba ashe ranar jarrabawarta ce, ta tafi da goyo ɗakin jarrabawa, wata baiwar Allah mai shara ta riƙe mata. Ba ta yi mini magana ba, kuma shirun ya fi faɗa ciwo. Abokan karatuna wasu sun zama daktoci, idan na ga hotunansu da hula mai tunku zuciyata tana motsawa, ni ma mutum ne. Sai in tuna ita ta ga nata ƙawayen shekara tara.

Bari in ɗan ratse kaɗan, don akwai wata jarrabawa da ta fi kama manya fiye da yara. Magidanci ba shi da lokaci amma yana da ɗan abin hannu, ga kunyar faɗuwa a gaban yara. Sai Shaiɗan ya kawo masa sauƙi: a biya wani ya rubuta kundin, a ga malami a ofis da ambulan, a sa ɗan aji ya riƙa sa hannu a takardar halarta. Ya ɗan'uwa, idan ka ɗebe lokacin iyalinka da kuɗin cefanensu ka je ka sayo takardar da ba ka karanta ba, ka ci amanar gida ka ci ta makaranta, kuma albashin da za a ƙara maka a kan takardar nan sai ka nemi malamin da zai halatta maka shi, ni dai ba ni ba. Yaranka kuma suna gani. Ranar da ka kama ɗanka da satar amsa, da wane baki za ka yi masa faɗa?

Da kwana biyun suka cika, malamin firamaren nan ya same ni. Na ce masa abin da zan faɗa shawara ce, ba fatawa ba. A tsantsar fiƙihu ba zan iya ce masa kai 'ya babbar makaranta yana cikin ciyarwar da aka wajabta masa ba, kamar yadda ba zan ce digirinsa farilla ba ne. Duka biyun alheri ne, kuma hujjarsa ba ta da rauni: idan albashinsa ya ƙaru, ƙannenta shida ne za su amfana. Amma na ce ya duba ƙofar wa ta fi saurin rufewa. Tasa ta yi shekara 20 a buɗe, kuma dokar 2022 ta kai ritayar malaman makaranta shekara 65 a inda aka fara aiki da ita. Ta yarinya kuwa, gurbin bana ba ya jiran baɗi, ga masu neman aure sun fara sallama, kuma ni na san abin da "bari tukuna" ke zama a gidan miji, ko da mijin liman ne.

Sannan na tambaye shi: "Malam, ka zauna da mai ɗakinka a kan maganar nan? Ka tambayi yarinyar?" Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce: "Kuɗina ne fa, Liman." Na ce kuɗinka ne, amma Asabar da Lahadin da za ka ɗauka shekara huɗu ba naka ba ne kai kaɗai, kuma wadda ta rage cefane har adashin ya cika tana da bakin magana. Na tuna masa cewa a Suratul Baƙara ko yaye jariri kafin lokaci sai da aka rataya shi a kan yardar uwa da uba da shawararsu. Yaye ma ke nan.

Juma'ar da ta wuce ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya biya wa yarinya, ta tafi. Shi kuma ya rubuta takarda yana roƙon a ɗage masa gurbinsa zuwa baɗi, har yanzu ba a ba shi amsa ba, kuma na ga abin yana damunsa. Muna cikin tafiya sai ya yi dariya ya ce: "Amma fa Liman ka jawo mini." Na ce da aka yi me? Ya ce da ya zaunar da mai ɗakin nasa yana zaton za ta zaɓi shi ko 'yarta, sai ta tashi ta buɗe ƙasan akwati ta ɗauko wata takarda da ta yi jawur don tsufa. Sakamakonta ne na sakandare, Turanci da Lissafi ne kawai ba ta ci ba. Ta ce tun da yau ana tambayar kowa, ita ma a sa ta a layi, kuma ta riga ta tambayo nawa ne kuɗin sake zama jarrabawar.

Wallahu a'alam.